Tsohuwar Bas Ta Zama Gida: Sharuɗɗan Rayuwa Cikin Akwatin Ƙarfe

A gaɓar teku akwai wata irin ƙaguwa wadda ba a halitta mata ɓawo mai tauri a ƙarshen jikinta ba. Dabarar da take yi ita ce ta nemi katantanwar da dodon koɗi ya mutu ya bari, ta cusa jikinta a ciki, ta riƙa yawo da ita duk inda ta nufa. Masana ilimin halittu sun lura cewa ba ta shiga katantanwa da ka. Sai ta jujjuya ta, ta zura ƙafafunta ta laluba cikinta, ta tabbatar babu huji, babu kuma wani mai gida a ciki, domin kuskure a nan yana iya zama ajalinta.

A ƙasar Amurka, da Ingila, da wasu ƙasashen, akwai mutanen da suka ɗauki irin wannan dabara. Sukan sayi tsohuwar motar bas wadda ta gama aikinta, su cire kujerunta, su shirya ɗakin kwana da madafi da makewayi a ciki, su mai da ita gida mai tafiya. Wasu don yawon buɗe ido suke yi, wasu kuwa tsadar hayar gida ce ta kora su. Sai dai motar da aka ƙera don ta ɗauki fasinja na awa guda ba ta zama mazauni don kawai an sa mata gado. Jikin ɗan Adam yana shaƙar iska, yana fitar da danshi da zafi da ƙazanta dare da rana, kuma tilas gidan ya san yadda zai yi da su.

Asalin Al'adar

Tun a shekarar 1915 wani attajiri mai kamfanin motocin bas, Roland Conklin, ya sa aka shirya masa bas mai gadaje da madafi da wurin wanka, ya tashi da iyalinsa daga jihar Niyok zuwa birnin San Faransisko. Wannan harka ce ta mai hali. Abin ya sauka hannun talakawa ne lokacin da tsofaffin motoci suka yawaita. A 1964 marubucin nan Ken Kesey da abokansa suka ratsa Amurka daga Kalifoniya zuwa Niyok cikin wata bas ta makaranta ƙirar 1939, wadda suka yi wa fenti kala-kala. A 1971 wani malami, Stephen Gaskin, ya isa jihar Tenesi da ayarin motoci masu yawa, akasarinsu tsofaffin bas-bas, inda mabiyansa suka kafa ƙauye, suka ci gaba da kwana cikin motocin kafin su yi gini. Sha'awar ta sake ƙaruwa daga 2020, lokacin da annobar korona ta sa mutane da yawa suka koma yin aikin ofis daga nesa ta intanet.

Dalilin Zaɓen Motar Makaranta

Amurka tana da motocin ɗaukar 'yan makaranta kimanin 480,000. Launinsu na ruwan ɗorawa ya samo asali ne daga wani taro da Dokta Frank Cyr ya shirya a Jami'ar Kolombiya a 1939. Bayan shekara 12 zuwa 15 ko fiye, hukumomin ilimi sukan yi gwanjon motocin da rahusa, alhali injinsu na dizal bai mutu ba, domin an saba duba lafiyarsu a kai a kai.

Ƙarfin jikinsu ma abin dubawa ne. Dokar da ta fara aiki a 1977 ta wajabta cewa rufin motar makaranta ya iya jure nauyin da ya kai na motar kanta sau ɗaya da rabi ba tare da ya rufta ba. Saboda haka ake ƙera ta da haƙarƙarin ƙarfe masu lanƙwasa daga gefe zuwa gefe, tamkar ƙirjin dabba. Duk da haka, araha ba ta ado. Motar da ta yi aiki a jihohin da ake zuba gishiri a kan titi don narkar da ƙanƙara takan zo da tsatsa a shasi da ƙarƙashin daɓe, kuma gogaggen mai saye yakan fara shiga ƙarƙashinta da tocila kafin ya saurari ƙarar inji.

Babbar bas tana da tsawon mita 12, faɗin cikinta kuma kimanin mita 2.3. Idan aka cire wurin direba, filin da ya rage bai wuce murabba'in mita 24 ba, wato kwatankwacin ɗaki biyu ƙanana. Aikin yakan fara da kwance kujeru, da ɓamɓare daɓe da silin, da kankare tsatsa, da toshe ɗaruruwan hujin da ƙusoshin kujeru suka bari. Sa'an nan a shimfiɗa abin tare zafi, a ja wayoyin lantarki da bututun ruwa, kafinta ya shigo a ƙarshe. Wasu sukan yanke rufin su ɗaga shi don samun tsayi, amma idan waldar ba ta yi kyau ba, ƙarfin nan da dokar 1977 ta tanada ya tafi ke nan.

Iskar da Ake Shaƙa

Iskar waje tana ɗauke da oksijin kashi 21 cikin 100, da kabon dayoksaid kimanin kashi 0.04. Wadda mutum ya fitar daga huhu kuwa tana da oksijin kashi 16 da kabon dayoksaid kashi 4. Ga lissafin da ɗalibi zai iya yi a allo. Cikin babbar bas yana ɗaukar iska kimanin lita 45,000. Baligi mai barci yana fitar da kabon dayoksaid kimanin lita 14 a awa guda. Mutum huɗu cikin awa takwas za su fitar da lita 448, wato kashi 1 cikin 100 na iskar motar, idan an toshe kowace kafa. Wannan ya ninka na waje sau 25, ya kuma ninka iyakar da aka yarda da ita a wuraren aiki sau biyu. Sakamakonsa shi ne a tashi da ciwon kai da kasala. Maganin abin shi ne fanka a rufi mai zuƙe iska waje, da wata kafa a ƙasa wadda sabuwar iska za ta shigo ta cikinta.

Akwai wadda ta fi wannan haɗari nesa ba kusa ba, wato kabon monoksaid. Tana samuwa ne idan gas, ko kananzir, ko fetur, ko gawayi ya ƙone ba tare da isasshen oksijin ba. Ba ta da launi, ba ta da wari. Idan ta shiga jini, tana manne wa himogulobin, wato sinadarin da ke dakon oksijin cikin jajayen ƙwayoyin jini, da ƙarfin da ya fi na oksijin fiye da sau 200. Ƙwaƙwalwa da zuciya sai su rasa abin da suke rayuwa da shi. Mai ido biyu yakan ji jiri da tashin zuciya, mai barci kuwa sau da yawa ba ya farkawa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ƙiyasta cewa fiye da mutum 400 ne ke mutuwa a ƙasar kowace shekara ta wannan hanya, ban da waɗanda gobara ta ci. Don haka masu gyaran da suka san aikinsu sukan sa na'urar ɗumama ɗaki wadda ke jawo iskar ƙonawa daga waje ta kuma mai da hayaƙinta waje, su toshe duk hujin da ke kusa da salansa, su rataye na'urar gargaɗi mai ƙara kusa da gado. Tukunyar gas kuma akan keɓe ta a akwatin da ke da huji a gindi, domin gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya zurare ƙasa yake kwanciya.

Raɓa da Fumfuna

Duk wanda ya ga kwalbar ruwan sanyi tana zufa ya ga abin da ke faruwa da bangon bas a daren sanyi. Iska mai ɗumi tana riƙe tururi fiye da mai sanyi. Alal misali, iskar ɗaki mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salshiyas, wadda danshinta ya kai kashi 60, za ta zubar da raɓa a kan duk abin da sanyinsa ya kai digiri 12. Ƙarfe kuwa yana wuce da zafi fiye da katako sau ɗari uku ko fiye, shi ya sa yake saurin yin sanyi.

Tururin daga jikin mazauna yake fitowa, da kuma madafi. Mutum guda yana rasa ruwa fiye da rabin lita a yini ta numfashi da fata, ko da bai yi gumi ba. Ƙona kilo ɗaya na gas ɗin furofen yana haifar da ruwa kimanin kilo 1.6, domin haidurojin ɗin da ke cikinsa yana haɗuwa da oksijin. Wannan ruwa yakan taru a bayan katako, inda ido ba ya gani, ƙarfe ya yi tsatsa, fumfuna ta samu wurin zama. Ire-irenta kamar Aspergillus da Penicillium suna sakin ƙananan 'ya'ya cikin iska, kuma a 2009 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da rahoton da ya danganta zama cikin gida mai danshi da fumfuna da tari da tsanantar asma. Shi ya sa da yawa suke fesa kumfa mai daskarewa kai tsaye a jikin ƙarfen, har ta rufe haƙarƙarin, don kada iskar ɗaki ta taɓa shi ko kaɗan.

Zafin Rana

Da bazara matsalar takan juya. Hasken rana yana ratsa gilashi, kayan ciki su sha shi su yi zafi, zafin kuma ya rasa hanyar fita. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa cikin motar da aka rufe a rana yana ƙaruwa da kimanin digiri 22 cikin awa guda, kuma sassauta gilashi kaɗan bai hana ba. Jikin mutum yana aiki ne a digiri 37. Idan ya haura 40, ƙwaƙwalwa da ƙoda suna cikin haɗari, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin ɗaukar zafi. Bas ta makaranta tagogi ne a jere a kowane gefe, don haka akan toshe wasu da ƙarfe, a shafa wa rufin farin fenti mai mai da haske. Farantan sola da ake jerawa a sama suna yin aiki biyu: suna cika batir, suna kuma yi wa rufin inuwa.

Ruwa da Makewayi

Gidan da ke tafiya ba shi da famfon gari, ba shi da shadda. Akan sa tankin ruwan sha, da wani na ruwan wanka da wanke-wanke, wanda ake juyewa a wuraren da aka keɓe. Ruwan da ya daɗe a tanki mai ɗumi gona ce ga ƙwayoyin cuta. Bakteriyar Legionella, wadda aka gano bayan ɓarkewar ciwon huhu a Filadalfiya a 1976, tana hayayyafa tsakanin digiri 20 da 45, kuma tana shiga huhu ta feshin ruwan wanka. Wanke tanki da bututu da kulorin lokaci-lokaci shi ne rigakafi.

Game da makewayi, da yawa sun koma ga irin wanda ba ya bukatar ruwa. Ana raba fitsari da bayan gida, a rufe na biyun da garin katako ko ɓawon kwakwa, ƙaramar fanka tana busar da shi. Rabawar ce ke kashe wari. Masu sayarwa suna kiransa makewayin taki, amma abin da aka kwashe bayan 'yan makonni bai zama taki ba tukuna. Ƙwan tsutsar ciki yana iya rayuwa watanni, har shekaru, kuma ba ya mutuwa da wuri sai tarin ya yi zafin da ya kai digiri 55 na kwanaki. Zuba shi a lambun kayan miya ganganci ne.

Nauyi da Doka

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tanki mai lita 400 daidai yake da ƙarin manyan mutane shida. Kowace mota tana da iyakar nauyin da aka rubuta mata, kuma wuce ta yana gajiyar da birki da taya. Akan ajiye tanki da batura ƙasa-ƙasa, tsakanin tayoyin gaba da na baya, a raba nauyin daidai hagu da dama don kada motar ta kife a kwana. Firiji da kabad tilas a ɗaure su da ƙarfen motar, domin idan gudu ya ninka sau biyu, ƙarfin da abu zai yi karo da shi yana ninkawa sau huɗu. Tayar da ta kai shekara goma akan canza ta ko da zanenta bai cinye ba, saboda roba tana tsufa. A jihohi da yawa na Amurka doka ta tilasta a cire alamar tsayawa da fitilun gargaɗi na makaranta, wasu har da canza launi, kafin a yi wa motar rajista a matsayin gida. Samun inshora da wurin da za a ajiye ta a kwana ba tare da saɓa doka ba suna cikin abubuwan da suka fi wahalar da masu ita.

Darasi ga Ɗalibi

Wannan al'ada ta wata ƙasa ce, amma ƙa'idojin da ke ƙarƙashinta suna aiki a ko'ina. Iskar da ke kashe mai barci cikin bas ita ce ke kashe iyalin da suka kunna janareta a zaure ko a baranda suka rufe ƙofa, ko suka kwana da kaskon gawayi a ɗaki lokacin hunturu. Zafin da ke taruwa a motar da aka rufe shi ne ke barazana ga yaron da aka bari a ciki a bakin kasuwa. Malami zai iya sa ɗalibansa su auna tsawo da faɗi da tsayin ɗakin kwanansu, su ƙirga masu kwana a ciki, su maimaita lissafin nan na lita 14. Wanda ya ga amsar da idonsa zai san dalilin da ya sa ake barin taga a buɗe, ko da ana sanyi.