Kafin Ka Sayi Injin Yankan Ciyawa Mai Juyi Wuri Guda

A unguwannin bayan gari na Amurka, mutum ba ya barin ciyawar ƙofar gidansa ta girma yadda ta ga dama. Hukumomin birane da yawa suna da doka kan tsayin da za ta kai. Wanda ya bar tasa ta wuce, za a aiko masa takardar gargaɗi, in ya yi kunnen ƙashi a ci shi tara, wani wurin ma hukuma ta turo a yanke sannan ta kawo masa lissafi. Ga kuma ƙungiyoyin masu gidaje na unguwa, waɗanda idonsu ya fi na hukuma kaifi. A jihohi da dama, daga Afrilu har Oktoba, kusan kowane mako sai an yi wa fili aski. Don haka duk wanda ya bar gidan haya ya sayi gida mai fili, har da 'yan uwanmu mazauna can, bai daɗewa sai ya tsinci kansa a shago yana kallon injinan yankan ciyawa. Wanda ya fi jan ido kuwa shi ne mai kujera da liba biyu, wanda 'yan kasuwa suke rubuta wa zero-turn ko ZTR, mai juyi wuri guda.

Injin ba shi da sitiyari. Kowace tayar baya tana da nata giyabos mai aiki da matsin mai, kuma kowace liba taya ɗaya take sarrafawa. Ka tura su gaba tare, ya miƙe. Ka tura ta dama fiye da ta hagu, ya karkata hagu. Ka tura ɗaya gaba ka ja ɗaya baya, ya juya a inda yake tsaye. Duk wanda ya taɓa ganin mai keken guragu yana juyawa da hannuwansa ya riga ya san dabarar: manyan tayu biyu ne ke aiki, ƙananan na gaba bi kawai suke yi. Amfanin haka a fili shi ne, in ka kai ƙarshen layi ba sai ka yi dogon zagaye ba, kuma kana iya kewaye gindin bishiya ba tare da ka bar tsibirin ciyawa ba. Ga gudu: na gida yakan yi mil 6 zuwa 8 a awa, alhali ƙaramar tarakta mai sitiyari takan tsaya wajen mil 5.

Asalin mai liba biyun jihar Kansas ne. A 1963 wani mai suna John Regier ya ɗauko dabarar daga injin yankan harawa na manoma, kamfanin Excel na garin Hesston ya fitar da shi kasuwa da sunan Hustler a 1964, sannan kamfanin Dixon na Coffeyville ya yaɗa shi a gidajen mutane daga 1974. Ya kamata mai saye ya riƙe wannan a ransa, domin tsakiyar Kansas shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ce, kuma injin har yau halin mahaifarsa gare shi. A kan shimfiɗa ba shi da tsara. A kan gangare abin tsoro ne.

Saboda haka tambayar farko ba a shago ake yin ta ba, a bayan gida ake yi. Tayoyin gaban nan ba su da birki, ba su da sitiyari. Juyi da tsayawa duk a hannun tayoyin baya suke. Idan injin ya fuskanci gangare, nauyinsa yakan koma gaba, na baya su rage kama ƙasa, in kuma ciyawar da raɓa sai su fara sulɓi. A wannan lokacin direba ya rasa juyi da birki gaba ɗaya, jan liba baya kuwa ƙara santsin yake yi. Injin gida yakan kai kilo 250 zuwa 300, in ya kife a kan mutum ko ya faɗa da shi cikin tafki, labarin ba ya daɗi. Yawancin kamfanoni suna rubuta a littafin injin cewa kada a wuce gangaren digiri 15. Auna wannan ba wuya: in cikin nisan mita 10 ƙasa ta sauka fiye da mita 2.7, an wuce iyaka, kuma wayar hannu ma tana da manhajar auna karkata. Hukumar OSHA mai kula da lafiyar ma'aikata a Amurka tana ba da shawarar a bar tazarar faɗin injin sau biyu daga bakin ruwa, kwalbati ko rami, ragowar a gama da injin turawa. Wanda filinsa tudu da kwari ne, gara ya haƙura ya sayi tarakta, ko ya duba irin na Cub Cadet masu sitiyari, waɗanda ke sarrafa tayoyin gaba su ma, kamfanin kuma ya yarje musu har digiri 20. Wasu injinan suna zuwa da ƙarfen kariya da ke tsaye bayan kujera. Ƙa'idarsa ita ce in yana tsaye ka ɗaura bel, in ka ninke shi don shiga ƙarƙashin rassa ka kwance bel ɗin. Mutane da yawa suna ninke shi ranar farko su manta da shi, wannan kuwa asarar kuɗi ce da ganganci a haɗe.

Bayan gangare sai girman fili. Eka ɗaya murabba'in ƙafa 43,560 ce, wato ta kusa fuloti 9 na hamsin da ɗari irin waɗanda muka sani a gida. Wanda ciyawarsa ba ta kai rabin eka ba, gaskiya ba ya bukatar wannan injin, na turawa ya ishe shi, ya kuma sami motsa jiki kyauta. Daga eka ɗaya zuwa sama ne amfanin yake bayyana, musamman in akwai bishiyoyi da fulawoyi da ake kewayawa. Faɗin kaskon da wuƙaƙe ke ciki shi ake rubutawa da manyan lambobi a jikin injin: inci 34, 42, 48, 54, 60. Lissafin mai sauƙi ne. Kasko mai inci 42 a gudun mil 6 zai share eka 2.5 a awa bisa takarda, in aka cire juyi da maimaita gefen layi a samu kamar eka 2. Mai inci 54 yakan ba da wajen eka 2.6. Ke nan mai eka ɗaya da ya ƙara kuɗi don inci 54, 'yan mintoci ƙalilan ya saya a mako. Babban kasko kuma yana da nasa aibi: a ƙasa mai tudu-tudu yakan ƙwaƙule ciyawa har ƙasa ta fito, ya bar tabo. Sannan a auna ƙofar shinge da ta rumfar ajiya kafin a biya, a kuma tuna cewa murfin da ke feso ciyawa a gefe yana ƙara faɗin da inci da dama. An sha kawo inji gida ya ƙi shiga bayan gida.

Kaskon iri biyu ne. Akwai wanda ake dannawa daga farantin ƙarfe guda, akwai wanda ake yankawa a haɗa da walda. Na walda ya fi kauri da jure karo da saiwa ko dutse. Na dannawa ya fi sauƙin nauyi da kuɗi, kuma lanƙwasarsa tana taimakon iskar da ke miƙar da ciyawa, don haka a fili mai laushi yankansa ba ya kasa na walda. Lambar kaurin ƙarfe a Amurka bi-da-baya take yi, ƙaramar lamba ita ce mai kauri: lamba 12 kamar milimita 2.7 ce, lamba 10 kamar 3.4, lamba 7 ta 'yan kwangila kamar 4.5. Ga mai gida, lamba 10 ta walda ta wadatar har da sauran canji.

Abin da a ganina ya fi komai muhimmanci shi ne wanda mai shago bai cika ambata ba, wato giyabos ɗin nan biyu da ke ƙarƙashin kujera. Su ne ke ɗaukar wahalar kowane juyi, su ne ke zafi, su ne kuma mafi tsadar gyara in sun mutu. Yawancin kamfanoni ba su suke ƙera nasu ba, saye suke yi daga Hydro-Gear na jihar Illinois ko Tuff Torq. Shi ya sa za ka ga inji ja da inji ruwan lemo da inji rawaya, sunaye daban-daban, amma cikinsu ɗaya. Masu araha sukan zo da samfurin EZT, wanda ake kuma kira ZT-2200. A rufe yake, ba filtar da za a canza, an ƙera shi ne don fili shimfiɗaɗɗe marar yawa. Daga ZT-2800 zuwa ZT-3100 da sama akwai filta, ana juye man a zuba sabo, kuma sun fi jure zafi da nauyi. Mai eka ɗaya shimfiɗaɗɗiya ba laifi ya ɗauki EZT. Mai eka 2 ko 3, ko mai ɗan hawa a filinsa, ko mutum mai jiki, ya ƙara kuɗi ya hau mataki na gaba, domin araha ba ta ado. In mai shago bai san wane giyabos ke ciki ba, a durƙusa a karanta lambar da ke manne a jikinsa.

Ƙarfin doki kuwa, wanda shi ake kwarzantawa, ba abin ɓata lokaci ba ne. Tsakanin doki 22 da 24 ba wani bambancin da mai gida zai ji. Kawasaki, Kohler da Briggs & Stratton su ne suka mamaye kasuwar, makanikai da yawa sun fi yabon Kawasaki, amma kowannensu zai daɗe in ana canza baƙin mai bayan awa 50 zuwa 100 kamar yadda littafinsa ya ce. Abin da ya fi kashe su shi ne fetur. Man gidajen mai na Amurka yawanci yana da kashi 10 na itanol, wannan ya halatta, amma mai kashi 15 ba na ƙananan injina ba ne. In aka bar fetur ya kwana a tanki duk tsawon hunturu, yakan yi danƙo ya toshe kafireto, sai bazara ta zo inji ya ƙi tashi.

Akwai kuma masu batir, irin na EGO da Ryobi. Ba baƙin mai, ba fulogi, ba ƙara mai damun maƙwabta da safiyar Asabar. Kasuwar ma can ta nufa, tun da jihar California ta kafa doka a 2021 da nufin daina sayar da sababbin ƙananan injinan fetur. Ga mai eka ɗaya zuwa biyu zaɓi ne mai kyau, da sharaɗin ya tambayi kuɗin sabon batir tun yanzu, don ranar canji tana zuwa, kuma ciyawa mai tsayi ko mai danshi tana shanye caji fiye da abin da aka rubuta a kwali.

Farashin na gida yakan kama daga wajen dala 3,000 zuwa 5,000, na 'yan kwangila ya ninka haka ko fiye. Ana samun Toro, John Deere, Husqvarna, Ariens da sauransu a manyan shaguna irin Home Depot da Lowe's, ana kuma samu wurin dilan unguwa mai garejin gyara. Na fi karkata ga dila ko da kuɗinsa ya ɗan ɗara. Manyan shaguna ba sa gyara, in garanti ya taso wurin dilan nan za a tura ka, shi kuma a watan Mayu layinsa ya cika, kuma ba mamaki ya fara da waɗanda suka saya a hannunsa. Dila zai kuma bari ka hau ka gwada. A zauna a kujerar sosai, domin yawancin injinan gida ba su da sifirin a tayoyi, duk wani rami a kwankwaso yake sauka. Mai ciwon baya ya duba masu kujerar lilo irin ta Toro, ko Ferris masu sifirin. Wanda zai sayi na hannu ya duba agogon awa, ya tuƙa injin har ya yi zafi, don giyabos mai rauni sai ya ɗau zafi yake fara ja gefe guda. Haka wanda ke tunanin yin odarsa zuwa Najeriya ko Nijar don filin makaranta ko otal: ya haɗo da bel da wuƙaƙe da boris na ajiya, ya kuma tabbatar an tsince duwatsun filin, don injin ciyawar shuka ne, ba na sharar daji ba.

Kada a ɗora masa aikin da ba nasa ba. Jan tirela mai nauyi da ture dusar ƙanƙara aikin tarakta ne. Sabon direba kuma ya fara koyo a fili buɗaɗɗe da ƙaramin gudu. Juyin wuri gudan da ake tallatawa, in aka yi shi da garaje, tayar ciki takan murje ciyawa ta bar rami, shi ya sa ƙwararru suke juyi sau uku a ƙarshen layi: ɗan gaba, ɗan baya, sannan a miƙe, tayoyin biyu duk suna motsi.

Bakin wuƙar injin yana gudun da ya haura kilomita 300 a awa, tsakuwa in ta shiga sai ta fito kamar an harbo ta. Ƙararsa kuma takan wuce abin da kunne ke jurewa na awa da awanni, don haka a sa abin toshe kunne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ce kada yaron da bai kai shekara 16 ba ya tuƙa injin hawa, kada kuma a ɗauki yaro a cinya ana yanka. Yaron da aka saba ɗauka, duk ranar da ya ji ƙarar injin sai ya rugo daga baya don a ɗauke shi, direba kuwa ba ya jin sa, ga liba ja ɗaya take bukata injin ya koma baya. Ranar yanka yara su zauna cikin gida tare da wani babba, in an gama kuma a zare makulli a tafi da shi.