Daga Shizuoka Zuwa Motar Kara: Wasan Da Muka Raina

A watan Yulin 2025 aka sanar da rasuwar Shunsaku Tamiya, shugaban kamfanin Tamiya na ƙasar Japan, yana da shekara 90. Da na kawo zancen a majalisarmu, wani abokina ya ce, "Ai mai sayar da kayan wasan yara ne." Wannan maganar ce ta hana ni sakat, domin a cikinta na hango dalilin da ya sa har yau muke sayen mota ba ma ƙera ta.

Abin da kamfanin ke sayarwa kwali ne cike da ƙananan sassan roba, wani sa'in sama da ɗari, da takardar bayani. Mai haɗawa zai yanko kowane sashe, ya goge shi da samfefa, ya manna da gam, ya fesa fenti hawa-hawa. Komai bisa awo yake. Ɗauki Jaguar E-Type, motar Ingila da aka fara nunawa a Janeba a 1961. Tsawonta ya kusa mita huɗu da rabi, amma a ma'aunin 1:24 ba ta kai santimita 19 ba, kuma dole sitiyari da salansa da kujeru su ragu daidai da haka. Gwanaye ba sa tsayawa a abin da ke cikin kwali: sukan ja siririyar waya zuwa fulogi shida na injin, su daddaɓa baƙin fenti inda mai ke ɗiga a motar gaske. Wanda ya gama wannan ya san cikin mota fiye da direbobi da yawa.

Asalin Tamiya kamfanin katako ne da mahaifin Shunsaku, Yoshio, ya kafa a 1946 a birnin Shizuoka, kafin ya koma roba. Da za su fitar da samfurin Porsche 934 a 1976, sai Shunsaku ya sayi Porsche 911 ta gaske, aka kwance ta gunduwa-gunduwa don a auna kowane ƙarfe. Mai wasa ba ya yi wa mota mai tsada haka.

Amurkawa sun daɗe da gane amfanin abin. Daga 1930 zuwa 1968, sashen Fisher Body na kamfanin General Motors ya riƙa shirya wa samari gasar ƙera ƙananan samfura, da farko keken doki, daga baya motoci, ana bai wa zakaru tallafin karatun jami'a. Wani saurayi, Chuck Jordan, ya ci gasar a 1947, kuma a 1986 shi ne ya zama shugaban sashen zayyana na kamfanin baki ɗaya. Ba sadaka kamfanin ya yi ba. Iri ya shuka, ya kuma girbe.

Yanzu mu dawo gida, inda zancen ya fi yi mini ciwo. Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi kafin zuwan wayar hannu ya san motar kara. Da an yi girbin dawa, yara kan kwaso kara, su fere bayansa sili-sili, su yanka totuwar ciki, su soke wannan cikin wancan har babbar mota ta tashi da bodinta da tsaninta. Akwai motar langa-langa mai dogon sitiyari da yaro ke tuƙawa yana tafe, akwai ta gwangwanin madara, tayoyinta daga tsohon silifa ko murfin kwalba. Yaron Shizuoka an ba shi sassa a yanke da takardar bayani. Namu ba kwali, ba takarda: tsayawa yake a bakin tasha ya ƙare wa mota kallo, ya dawo ya fitar da ita daga kansa. Wane ne ya fi wani basira a nan?

To me muka yi wa yaron nan? Mun ce masa ya bar shiririta ya ɗauki littafi. Ba wanda ya miƙa masa rula ya ce, "Auna motar gasken, ka raba da ashirin." Wannan taki ɗaya, daga ƙiyasin ido zuwa awo, shi ne ya raba mai wasa da injiniya. Ban taɓa shiga gidan tarihi na ga an ajiye motar kara ba, sai ka ce ba gadonmu ba ce. Yau kuma robobin China masu batir sun cika kasuwa, yaro ya danna, ta yi ƙara, ta lalace a mako guda, bai koyi komai ba.

Abin ban haushin shi ne mun ga hujja da idonmu. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwato, ya yi karatun zayyanar mota a Detroit, ya yi aiki a General Motors ɗin nan, ya zayyana Chevrolet Volt, sannan a 2017 aka naɗa shi shugaban NADDC, hukumar kula da zayyana da ƙera motoci ta Najeriya. Kuma tun 1975 ake haɗa Peugeot a Kaduna. Mene ne wancan aikin in ba babban kwali ba? Sassa su zo daga Faransa, mu ɗaura. Shekara hamsin ke nan, ba mu wuce ɗaurawa ba.

Ba na cewa a shigo da kwalayen Tamiya makarantu. Da canjin dala na yau, wannan abin 'ya'yan masu hali ne. Kara kuwa kyauta ne. Me zai hana ma'aikatun ilimi na jihohinmu da kwalejojin fasaha su sa gasa duk shekara bayan kaka, da sharaɗi ɗaya: kowace mota ta zo da takardar awonta? Kuɗin da ake kashewa a walimar rantsar da shugaban ƙaramar hukuma guda ya isa kyaututtukan. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Iyaye kuma, in kun tarar da yaro a zaure ya baje kara da reza, kada ku kore shi. Ku saya masa rula.