Ƙazuwa a Gidajen Arewa: Yadda Take Shiga da Yadda Ake Korar Ta

Ƙazuwa ciwon fata ce da wani ƙanƙanin ƙwaro ke haddasawa, wanda masana ke kira Sarcoptes scabiei. Girmansa bai kai rabin milimita ba, don haka ido ba ya ganinsa kamar yadda yake ganin ƙwarƙwata ko kuɗin cizo. Tamatar ce mai ɓarna: takan haƙa rami a saman fata, ta riƙa zuba ƙwai biyu zuwa uku kowace rana, su ƙyanƙyashe cikin kwana uku ko huɗu. Ƙwarin da ke jikin mai ciwon ba su cika wuce 10 zuwa 15 ba. Ƙaiƙayin kuwa martani ne da jiki ke mayarwa ga ƙwaron da ƙwansa da kashinsa, shi ya sa wanda ya kamu karo na farko zai iya yin mako huɗu zuwa shida bai fara susa ba, alhali yana rarraba wa mutanen gidansa.

Alamarta ƙaiƙayi ne mai tsananta da dare, da ƙananan ƙuraje a tsakanin yatsu, wuyan hannu, hammata, cibiya, ƙugu da al'aura. A jikin jarirai tana kaiwa tafin hannu da tafin ƙafa har da kai.

A Lugu da sauran ƙauyukan Dogon Dutsi da Tibiri, lokacin ɗari ne ya fi yi mata daɗi: an daina kwana a tsakar gida, yara sun cunkushe ɗaki ɗaya, tabarma ɗaya, bargo ɗaya. Haka take bin goyo daga uwa zuwa ɗa, da makarantun allo, da ɗan ci-rani da ya dawo daga Yamai ko Sakkwato inda ya yi kwanan cunkoso. Cuɗanyar fata da fata mai ɗan tsawo ce hanyarta, gaisawa da hannu ba ta cika kawo ta ba. Masu cewa ciwon ƙazamai ne ba su yi adalci ba, domin sabulu ba ya kashe ƙwaron da ke cikin fata, kuma wannan gori ne ke sa wasu ɓoyewa har gida ya kamu duka. Ƙazuwar awaki, raƙuma da karnuka tana iya sa mai kiwo ƙaiƙayi na ɗan lokaci, amma ba ta hayayyafa a jikin mutum.

Haɗarinta yana cikin susa. Farce kan buɗe fata, ƙwayoyin cuta su shiga, ƙurji ya yi mugunya, wani lokaci abin ya taɓa ƙodar yaro, a ga fuska ta kumbura, fitsari ya yi duhu. Wannan na cikin abin da ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci a 2017, tana ƙiyasin mutum sama da miliyan 200 na ɗauke da ita a kowane lokaci.

Magani yana samuwa a likita. Akwai na shafawa irin su benzyl benzoate, permethrin da man farar wuta, waɗanda ake shafe jiki da su daga wuya zuwa ƙafa, har ƙarƙashin farce, ba wurin ƙurajen kaɗai ba. Akwai kuma ƙwayar ivermectin, wadda ba a ba mai ciki ko yaron da bai kai kilo 15 ba. Ma'aikacin lafiya ne zai faɗi awannin da maganin zai yi a jiki da ranar maimaitawa. Inda aka fi faɗuwa shi ne a yi wa yaro ɗaya magani a bar waɗanda yake kwana da su. Duk 'yan ɗaki su yi a rana ɗaya, mai susa da wanda bai fara ba.

Ƙwaron ba ya wuce kwana biyu zuwa uku da rai in ya bar jikin mutum. Tufafi, majanyi da zanen gado a wanke su da ruwan zafi a shanya a rana. Inda ruwa ya yi wuya, a ɗaure su cikin leda a ajiye mako guda, ya wadatar. Baƙin man mota da maganin feshin gona da wasu ke shafawa guba ne, man bilicin na 'yan talla kuma ƙaiƙayin kawai yake kwantarwa, ƙwaron na ci gaba da yaɗuwa. Ko bayan ƙwarin sun mutu, ƙaiƙayi kan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin ya lafa. Idan ya wuce haka, ko sababbin ƙuraje suka fito, a koma likita.