In Waƙa Ta Ƙi Fitowa A Rediyon Mota

Kai mai ɗaukar shanu daga kasuwar dabbobi ta Tanghin zuwa Po da iyakar Gana, tafiyar dare shiru gyangyaɗi take kawowa. In MP3 ko salularka ta ƙi kama rediyon mota, kada ka garzaya wurin mai gyara tukuna.

Fara duba ramin AUX, ƙurar hunturu kan toshe shi. Share da busasshen tsinke. In Bluetooth ne, goge tsofaffin wayoyin da ke ciki, ka sake haɗawa. In USB ne, yawancin tsofaffin rediyoyi FAT32 suke karantawa. In da 'yar na'urar FM kake aiki, zaɓi lambar da babu tasha a kanta. Rediyon tsohuwar motar Japan kan tsaya a 90, don haka sa ƙasa da nan.

Amma fa, tsaya gefen titi kafin ka taɓa komai.