In Notin Inji Ya Cije

Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai da fadamu masu yawa a ƙasar Yawuri, manoman albasa suka koma bakin tafki. Yanzu daga Yelwa zuwa Birnin Yawuri, Wara da Shanga, inji ne ke ban ruwa da rani, shi ne kuma ke niƙa. Ran da ya tsaya kuwa, albasa ba ta san haƙuri ba.

Abin da ya fi ba mai gyara a gida wahala shi ne babban notin nan na bakin kiranshaf, watau ƙarfen da ke juyawa cikin inji, wanda ke riƙe faifan da bel ke hawa. Dalili biyu ne. Da ma an ɗaure shi tam, sa'an nan zafi da laima su sa masa tsatsa. Na biyu, da an murɗa sai injin duka ya juya tare da shi.

To, ga yadda ake yi. Da fari a goge ƙasa, a ɗiga kananzir a gindin notin, a bar shi ya kwana. Sa'an nan a hana ƙarfen juyawa. In injin fetur ne, a cire fulogi, a juya har bawul biyu su rufe, a zura igiya mai tsabta ta ramin, a bar wutsiyarta waje. Fistin zai danne ta ya tsaya. In na dizal ne, a naɗe babbar ƙafar nan mai nauyi da tsohon bel, wani ya riƙe. Kada a soka ƙarfe tsakanin fikafikan da ke ba inji iska, karyewa za su yi.

Sifana kuwa lalle ta zama mai zobe, daidai kan notin. Mai buɗaɗɗen baki cinye kusurwoyinsa take yi. A ƙara mata tsawo da bututun ƙarfe, a ja sannu. Yawancin noti hagu yake kwancewa, amma akwai injin da nasa dama ne, saboda haka a duba takardar injin ko a tambayi makanike tukuna.

Abu biyu ke jawo hasara: dukan bakin ƙarfen da guduma, wanda ke kashe boris, da kara wuta kusa da fetur, wadda ke ƙone robar da ke tare mai, in ma ba ta kama mutum ba. In faifan ya fita, a adana ɗan makullin da ke tsakaninsa da ƙarfen, don ba ya zama sai da shi.

In an yi duk wannan ya ƙi, a ɗauki injin a kai Yelwa wurin masu sifanar iska. Kuɗin mota bai kai na sabon kiranshaf ba, balle na albasar shekara guda. Wayo ya fi ƙarfi.