Rabin Tan, Uku Bisa Huɗu, Ko Tan Guda? Yadda Ake Zaɓen Babbar A-kori-kura

A Amurka, a-kori-kura motar gona ce, motar gini ce, kuma ita ce motar kai yara makaranta. Manyan kamfanoni uku da ke riƙe da kasuwar, wato Ford da General Motors da Ram, sun kasa motocinsu aji-aji. Akwai ta rabin tan, irin su F-150 da Silverado 1500 da Ram 1500. Sama da ita akwai ta kashi uku bisa huɗu na tan, mai lamba 250 ko 2500. Sai ta tan guda, mai lamba 350 ko 3500. Waɗannan sunaye tsofaffi ne, motocin yanzu suna ɗaukar fiye da haka nesa ba kusa ba.

Abin da hukuma ke dubawa shi ne iyakar nauyin da aka yarje wa mota, ita kanta da mutanenta da kayanta da manta. Masu lamba 250 galibi suna tsakanin laba 8,501 zuwa 10,000, wato kilo 3,900 zuwa 4,500 a ƙiyasce. Masu lamba 350 kuwa suna tashi daga nan har laba 14,000, kimanin kilo 6,350.

Mai saye yakan ruɗu da babbar lambar da ake tallatawa, ta nauyin tirelar da mota za ta iya ja. Lambar ba ta bogi ba ce. Akwai ma'aunin gwaji mai suna SAE J2807, wanda ya haɗa da hawan doguwar gangarar da ke kusa da madatsar ruwa ta Davis a jihar Arizona cikin tsananin zafi. Sai dai ana samun wannan lamba ne da ƙirar da ta fi dacewa da ja, ba tare da tarkacen ƙawa ba. Kuma ja daban, ɗauka daban. Duk wanda ya san amalanke ya san cewa dabba ba jan kaya kawai take yi ba, wani kason nauyin yana kan wuyanta. Haka tirela take danne mota. Wadda ake maƙalawa a bayan mota tana sauke mata kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari na nauyinta. Wadda ake ɗaurawa a tsakiyar bodi, daidai saman tayoyin baya, tana sauke kashi 15 zuwa 25.

Bari mu buga lissafi. A ce mutum yana da tirelar kwana mai kilo 6,000, irin wadda ake ɗaurawa cikin bodi. Kashi 20 cikin ɗari kilo 1,200 ke nan. A ƙara ƙarfen maɗaurin, kusan kilo 100, da mutum huɗu da jakunkunansu, a ce kilo 350. An kai kilo 1,650. Inji zai ja ba tare da wahala ba, amma da dama daga cikin masu lamba 250 ba a yarje musu ɗaukar wannan nauyi ba. A nan ne mai lamba 350 ke da amfani. Gaskiyar kowace mota tana rubuce a 'yar takardar da aka manna a jikin ƙofar direba, ita ya kamata a karanta kafin a biya kuɗi.

Abin mamaki, 250 da 350 na kamfani ɗaya sau da yawa inji ɗaya gare su, giya ɗaya, gida ɗaya. Bambancin yana ƙasa, a sifirin da tayoyi da ƙarfin ƙafar baya. Ram 2500, alal misali, tana da naɗaɗɗen sifirin a baya don taushin tafiya, 3500 kuwa na falle-falle gare ta. A ajin tan guda ne kuma ake samun mai tayoyi huɗu a baya, wadda ke tsayawa daram idan iska ta bugi doguwar tirela.

Sai batun mai. Ford na da injin dizal Power Stroke mai lita 6.7, General Motors na da Duramax mai lita 6.6, Ram kuwa tun 1989 take amfani da injin Cummins. Dizal ya fi ƙarfin ja, yana da birkin inji mai taimakawa a gangara, kuma ya fi tsimin mai idan an ɗora kaya. Amma ya fi tsada da dubban daloli, ya kuma fi na fetur nauyi, wannan nauyin kuwa daga kason kayan mota ake cire shi. Ga ruwan tace hayaƙi da ake zuba masa lokaci-lokaci. Ga matatar toka a salansa, wadda ke son doguwar tafiya kafin ta ƙone dattin da ta tara. Mai zirga-zirgar cikin gari kawai zai sha fama da ita.

Zaman yau da kullum ma yana da nasa hukunci. Sifirin da aka yi domin kaya yana girgiza mutum idan bodi fayau yake. Mai tayoyi huɗu a baya tana da faɗin kusan mita biyu da rabi, shiga gareji ko wurin ajiye motoci sai an yi dabara, kuma taya shida ake saya maimakon huɗu. A-kori-kurar da iyakar nauyinsu ta haura laba 8,500 ba a tilasta musu manna takardar shan mai ta hukumar kare muhalli ba, don haka sai mai saye ya tambayi masu hawa. Wanda zai yi haya kuma ya lura: idan iyakar nauyin mota da tirela ta kai laba 26,001, tirelar kuma ta wuce laba 10,000, sai da lasisin tuƙin manyan motoci.

Saboda haka a fara da auna tirela tana ɗauke da kayanta, a ƙara mutane, sannan a nemi mota. Mai jan ƙaramin kwalekwale jefi-jefi, rabin tan ta ishe shi. Mai jan dawaki ko matsakaiciyar tirela, wanda kuma da motar yake zuwa aiki kullum, 250 ta fi masa. Wanda lissafinsa ya kusa cike iyakar da ke jikin ƙofa, ya hau 350, domin ƙarin kuɗin da ke tsakaninsu kaɗan ne idan aka kwatanta da sayen mota sau biyu.