Sawakin: Tsibirin da alhazan ƙafa suka bi yana rushewa

Maniyyacin da ya fito daga Barnawa a yau, abin da ke gabansa shi ne ya haye gadar Kogin Kaduna, ya isa sansanin alhazai na Mando, ya jira jirgi. Kafin ya yi barci mai nauyi ya sauka a Saudiyya. Ƙalilan ne ke sanin cewa a gaɓar Bahar Maliya ta ɓangaren Sudan akwai wani ɗan tsibiri da alhazan ƙasar Hausa na dā suke shafe watanni, wasu ma shekaru, kafin su kai gare shi. Sunansa Sawakin.

Garin yana kimanin kilomita 60 kudu da Port Sudan. Tsibirin ƙarami ne, kusan a zagaye yake kamar faifai, mutum zai iya kewaye shi da ƙafa bai cika awa guda ba. Wata 'yar hanya da aka gina a 1877, zamanin Gwamna Gordon, ita ta haɗa shi da tudu.

Abin da ya fi jan masu yawon buɗe ido shi ne gine-ginen. Da dutsen murjani da aka haƙo daga teku aka gina su, benaye masu hawa biyu da uku, da tagogin katako masu sassaƙa irin na tsohon garin Jidda. Sai dai dutsen murjani yana da lalura: idan ba a riƙa shafe shi da farar ƙasa a kai a kai ba, iskar teku mai gishiri da ruwan sama sai su cinye shi. Haka kuwa aka yi. Da Turawan Ingila suka gina sabuwar tashar Port Sudan tsakanin 1905 da 1909, saboda manyan jiragen ruwa ba sa iya ratsa ƙunƙuntar mashigar Sawakin, sai fatake suka kwashe nasu ya nasu suka koma can. Gidajen suka rasa mai shafe, suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya.

Wanda ya shiga yau zai tarar da tsibin duwatsu, a nan bango tsaye babu rufi, a can ƙofa babu ɗaki. Kyanwoyi ne suka gaje wurin, kuma mutanen yankin suna da labarai a kansu, har da cewa Annabi Sulaimanu ya taɓa ɗaure aljanu a tsibirin. Almara ce, amma babu ɗan rakiyar da zai bar baƙo ya tafi bai ji ta ba.

Garin ya daɗe. Ibn Battuta ya yada zango a nan a ƙarni na 14, Turkawan Daular Usmaniyya kuma suka riƙe shi daga ƙarni na 16.

Ga Bahaushe, labarin ya wuce na gini. Ayarin alhazai kan tashi daga Kano ko Katsina, ya bi ta Borno da Wadai da Darfur, ya faɗa El Obeid. Guzuri kan ƙare a hanya, sai a tsaya a yi ƙwadago, daga baya ma a gonakin audugar Gezira, a tara na gaba. Sawakin ce zangon ƙarshe. A nan ake killace su don duba lafiya, a nan kuma mutumin da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce kogi ba yake fara arba da teku. Da yawa ba su dawo gida ba. Bayan yaƙin Burmi na 1903, Muhammadu Bello, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya ci gaba da hijira da jama'arsa har suka kafa garin Mai Wurno a bakin Kogin Nilu. Jikokin irin waɗannan matafiya suna nan a Sudan, da Hausa a bakinsu.

An yi yunƙurin ceto garin. Hukumar TIKA ta Turkiyya ta gyara masallatan Hanafiyya da Shafi'iyya da tsohon ofishin kwastan, kuma a Disambar 2017 Shugaba Erdogan ya ziyarci tsibirin tare da Omar al-Bashir, inda aka amince Turkiyya ta ci gaba da aikin. Masar da Saudiyya ba su ji daɗi ba, suna zargin sansanin soja ake nufi. Al-Bashir ya faɗi a 2019, sannan yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023.

Don haka a yanzu ba wurin da za a shawarci mai iyali ya kai hutu ba ne. Masu kuɗin Kaduna da ke zuwa Dubai da Zanzibar ba su da laifi idan suka tsallake shi. Abin takaicin shi ne, ko lokacin da ake zaman lafiya ba a cika jin sunansa a bakin masu shirya tafiye-tafiye ba.

Tashar Osman Digna da ke gefen tsohon garin dai tana aiki. Daga nan ake lodin tumaki zuwa Saudiyya, kuma jiragen ruwa na fasinja suna ketarawa Jidda da masu Umara da 'yan ci-rani.